Kiɗan Jamusawa mai juya abu ɗaya: kiɗa ne ko ƙarar inji?

Tela_Fagge:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Wata 'yar gardama ce ta haɗa ni da maiɗakina jiya, na ce bari in kawo nan ku raba mu. Ɗinkin anko ya taru mini, sai biyu ko uku na dare nake rufe shago. Wani yarona ya tura mini wani kiɗa a waya, na wani Bajamushe Manuel Göttsching, sunan kiɗan E2-E4. Kusan awa guda ne, babu kalma ko ɗaya, abu guda yake ta juyawa, sai an wuce rabi jita take shigowa. Daren farko na ce wannan ai raina hankali ne. Dare na uku sai na ga ƙafata a kan keke tana tafiya tare da shi, na gama wuyan riga huɗu ban ɗaga kai ba. Jiya na kunna a gida, Hajiya ta leƙo daga kicin ta ce wa ya shigo mata da injin markaɗe ɗaki. Na ce kiɗa ne, ta ce in kiɗa ne me yake cewa? Wallahi na rasa amsa. To masu bin irin wannan, kiɗa ne ko ni ne rashin barci ya taɓa? Kuma in mutum yana son ƙari, ta ina zai fara?

Malam_Gardama:
Hajiya ta fi ka gaskiya. A rufe zaure.

Sabo_Sutudiyo:
Haba Malam, ko zama ba a yi ba. Maigida Tela, ka faɗa kan mai kyau. A watan Disamba na 1981 ya ɗauke shi a ɗakin aikinsa a Berlin, zama ɗaya, ba gyara, sai 1984 ya fito. Sunan ma daga wasan ces ne, taku na farko da ake buɗe wasa da shi. Amo biyu kacal yake kaiwa da komowa a tsakaninsu, amma ka sa abin kunne ka bi ƙananan sautukan da ke sama, za ka ji babu minti biyu da suke iri ɗaya. Wani ya shigo, wani ya janye, wani ya yi kauri. A lasifikar waya duk wannan ɓacewa yake, shi ya sa Hajiya ta ji markaɗe.

Malam_Gardama:
Sabo, ba lasifika ce matsalar ba. Tambayar Hajiya ita ce tambayar. Mu a wurinmu ko babu mawaƙi, ganga magana take yi. Mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata, mahauci a can ƙarshen kasuwa ya san da shi ake. Kakaki da tambari suna da abin da suke faɗa, kowace sarauta da takenta, kowane ɗan dambe ya san nasa tun kafin a ambaci sunansa. Harshenmu yana hawa yana sauka, ganga tana kwaikwayonsa. To shi wannan injin naku taken wa yake yi? Wa yake wa kirari?

Binta_Kolon:
Wannan tambayar ta Malam ta fi ƙarfin a yi mata dariya. Shekara shida ina birnin Kolon na Jamus, kuma abin da na fahimta daga tsofaffin da suka ga zamanin shi ne, rashin kirarin da gangan ne. Waɗanda suka fara wannan a ƙarshen shekarun 1960 an haife su ne dab da yaƙin duniya na biyu ko bayansa kaɗan. Waƙoƙin gargajiyarsu da na maci duk 'yan Nazi sun yi amfani da su, sun ɓata musu suna. Abin da ya rage a rediyo sai waƙoƙin soyayya masu zaƙi-zaƙi da kuma kiɗan Amurka da Ingila da sojojin mamaya suka zo da shi. Samarin ba sa son na iyayensu, ba sa son zama 'yan amshin shatan Turawan Ingila. Sai suka ce a fara daga fari, da sautin da ba shi da kaka. Mutanen da suka ga inda kirarin mutum ɗaya ya kai ƙasarsu, ba mamaki su guji kirari.

Malam_Gardama:
To Hajiya Binta, wannan na karɓa a matsayin dalili. Amma dalilin da ya sa mutum ya dafa miya ba gishiri ba ya sa mata gishiri.

Bako_Damagaram:
Malam, ka taɓa tsayawa wurin masu garaya ko goge har dare ya raba? Ban ce ka je wurin bori ba, kar a ce na ce. Amma ka san yadda 'yan ƙwarya suke riƙe bugu ɗaya na tsawon lokaci har mutum ya manta inda yake. Ko mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude. Luguden me yake cewa? Ba komai. Amma in ɗaya ta kuskure kowa zai ji. Tela da kekensa lugude suke yi da Bajamushen nan.

Tela_Fagge:
Bako, Allah ya biya ka. Wannan zan kai wa Hajiya yau.

Ummi_BUK:
Ni tambayar ta biyu nake jira. Ta ina ake farawa? Na taɓa buɗe wani abu na Stockhausen, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, na ɗauka wayata ce ta lalace.

Binta_Kolon:
Ƙanwata, kin shiga gida ta katanga ne. Stockhausen sai daga baya. Shi a sutudiyon gidan rediyon WDR na nan Kolon ya yi aiki, wanda aka kafa a 1951. Lokacin babu kwamfuta, sauti ɗaya za a ƙirƙira da na'ura a ɗauka a zaren tef, a yanka, a auna da rula, a liƙa. Kiɗan minti goma sha uku yana iya cin fiye da shekara. Akwai wanda ya gama a 1956 da ya haɗa muryar wani yaro da sautin na'ura, har ka kasa gane inda murya ta ƙare inji ya fara. Abin a girmama ne, amma ba na cikin mota ba ne.

Ki fara da ƙungiyar da ake kira Can. Biyu daga cikinsu, Holger Czukay da Irmin Schmidt, ɗaliban Stockhausen ne, suka kafa ƙungiyar a 1968. Mai gangarsu Jaki Liebezeit daga jaz ya fito, ya ajiye duk wata burga ya koma bugu ɗaya kamar agogo. Mawaƙinsu Damo Suzuki ɗan Japan ne, a bakin titi a Munich suka tsince shi yana waƙa a 1970, a daren ya hau dandali da su. Shi kuma Czukay rediyon gajeren zango yake murɗawa, duk muryar da ta faɗo daga wata ƙasa ya sa ta cikin kiɗa. Duk wanda ya tashi a gidan da baba yake neman tasha da asuba zai gane wannan shuuu ɗin.

Direban_Tirela77:
Ni dai ƙungiyoyin Kraftwerk da Neu! na sani, duk 'yan Düsseldorf. Wani Balaraben da muke lodi a wurinsa ya ba ni. Daga Zariya zuwa Funtuwa in hanya ta miƙe, bugun Neu! ɗin nan da ba ya hawa ba ya sauka daidai yake da taya a kan kwalta. Autobahn ɗin Kraftwerk na 1974 ma ai kan babbar hanya aka yi shi, minti ashirin da biyu. Sai dai su hanyarsu babu rami, ni nawa kiɗan yakan katse.

Malam_Gardama:
Direba, kiɗan da ba ya hawa ba ya sauka a bayan sitiyari? Allah ya tsare mu da gyangyaɗi.

Auwal_808:
Ina ta karantawa ina jiran wani ya faɗa, ba wanda ya faɗa. Ana ta Jamus Jamus, alhali tekno, kiɗan rawa na inji da Berlin take taƙama da shi, na baƙaƙen fatar Detroit ne. Juan Atkins, Derrick May, Kevin Saunderson, su suka haife shi a shekarun 1980. Injinan ma da aka yi shi da su, 808 da 909, na kamfanin Roland ne na Japan. A 2024 aka sa teknon Berlin cikin jerin al'adun gado na ƙasar Jamus, mutanen Detroit suna kallo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sabo_Sutudiyo:
Auwal, rabin maganarka daidai ne. Amma su 'yan Detroit ɗin da bakinsu suke cewa Kraftwerk suka saurara suna samari. Afrika Bambaataa ma a 1982 daga Kraftwerk ya ɗebo abin da ya gina Planet Rock a kai. Su kuma Kraftwerk ba su ɓoye cewa suna jin James Brown ba. Abu ne ya je ya dawo ya sake komawa. Kuma da Amurka ta yi watsi da 'yan Detroit, Berlin ce ta buɗe musu ƙofa. Tresor, gidan rawa kuma kamfanin faifai na Berlin, tun farkonsa faifan Underground Resistance da Jeff Mills yake fitarwa.

Auwal_808:
Buɗe ƙofa daban, rubuta sunanka a jikin gidan daban. Ka duba wa ake biya manyan kuɗi a bukukuwan Turai yau.

Binta_Kolon:
A nan ina bayan Auwal, kuma a Berlin ɗin ma ana wannan rigimar, ba mu muka fara ba. Amma akwai abin da birnin ya bayar da babu a wani wuri, wato fili. Da katangar Berlin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba 1989, gabashin birnin cike yake da gine-ginen da ba a san mai su ba, masana'antu, rumbuna, tashoshin wuta. Ga shi tun 1949 yammacin Berlin ba ta da dokar lokacin rufe wuraren shaƙatawa. Tresor a 1991 aka buɗe shi a ɗakin ajiyar kuɗi na ƙarƙashin ƙasa na wani tsohon kanti, sunan ma ma'anarsa ke nan. Yaron gabas da yaron yamma da aka raba shekara ashirin da takwas suka haɗu a ɗaki ɗaya mai duhu. Malam, ka ga a nan rashin kalmar ya yi rana, don babu baitin da zai tuna wa wani ɓangaren da ya fito.

Abu_Hafsat:
Ni fa ina da ja. Duk wannan tarihi da ake kawowa, ƙarshensa gidan rawa ne da giya da ƙwaya da abin da baki ba zai faɗa ba. Kar a yi wa yaranmu ado da shi.

Binta_Kolon:
Gaskiya ne Malam Abu Hafsat, akwai wannan, kuma ba kaɗan ba. Ni ban taɓa taka Berghain, shahararren gidan rawan tekno na Berlin, ba, ba kuma zan taka ba. Abin da na sani a kai kowa ya sani: tsohuwar tashar wutar lantarki ce, an buɗe 2004, ana liƙe kyamarar waya a ƙofa, ana koro mutane ba tare da an faɗa musu dalili ba. Amma ba duka ke nan ba. Na je wani zaman sauraro a nan, a zauren da aka jera kujeru, tsofaffi masu furfura sun fi yawa, aka kashe fitila, minti hamsin ba wanda ya yi tari. Da aka gama aka yi tafi kowa ya ɗauki kekensa. Ko a ɗakin karatu ban ga natsuwa irin wannan ba.

Direban_Tirela77:
Ba a can ne aka taɓa tattake mutane a wani biki ba?

Sabo_Sutudiyo:
Bikin tekno na Love Parade ke nan, amma ba a Berlin abin ya faru ba, a Duisburg ne, 2010. Mutum 21 suka rasu a turmutsutsu a mashigar filin. Bikin da ya fara da mutane kusan 150 a titin Berlin a 1989, ya kai sama da miliyan a ƙarshen shekarun 1990. Daga wannan hatsarin aka daina shi.

Shugaban_Zaure:
Jama'a, an ji Abu Hafsat, kowa ya san iyakarsa. A koma kan sauti, kar a sa mana hotunan wuraren rawa a nan.

Sabo_Sutudiyo:
To bari in tsokano Malam Gardama ta wata hanya. Malam, waƙoƙin finafinanmu da kake ji a kowace adaidaita sahu, da me kake zaton muke yin su? Babu makaɗi ko ɗaya a ɗakin. Fiyano ce ta Yamaha da kwamfuta. Kalangun da kake ji ma sau da yawa an ɗauke shi ne an zuba a maɓalli. Ni da manhajar haɗa kiɗa ta Cubase na koyi aiki, na kamfanin Steinberg ne na Hamburg. Ableton da yara suke yayi yanzu a Berlin aka yi shi, ya fito 2001, kuma waɗanda suka ƙirƙiro shi, Gerhard Behles da Robert Henke, makaɗan tekno ne da suka rasa manhajar da za ta yi musu abin da suke so a kan dandali. Ko MP3 da masu turi suke loda maka a Farm Centre, a cibiyar Fraunhofer ta Erlangen aka haɗa shi. Kana cikin kiɗan inji tsundum, kawai dai namu mun ɗora masa baiti.

Malam_Gardama:
Ai ka faɗa da bakinka. Mun ɗora masa baiti. Tuwo ne muka sa wa miya, ku kuma kuna cin gaya kuna santi.

Ummi_BUK:
😂 Malam ba ya faɗuwa ƙasa.

Bako_Damagaram:
Malam, mu a Nijar mun daɗe muna cin gayan nan. Mamman Sani ya ɗauki kaset ɗinsa a Yamai a 1978 da ogan ɗin lantarki ƙirar Italiya, yawanci ba waƙa, salon gargajiya ne ya mayar cikin inji a hankali. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasa suna sa shi tsakanin shirye-shirye, duk mun tashi da shi a kunne ba mu san sunan mai shi ba. Sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2013 Turawa suka fara rububi, mu kuma muka ce af, ashe abin nan kiɗa ne. Ban ce daga Jamus ya koyo ba, hanyarsa daban. Amma wanda ya ji daɗinsa ba zai sha wuya da ƙungiyoyin Jamus irin su Cluster ko Tangerine Dream ba.

ƊanZongo_Kumasi:
Mu ma muna da namu alaƙa da Jamus. A shekarun 1980 'yan Gana da yawa sun tafi Hamburg da Berlin, suka shiga sutudiyo na can suka haɗa hailaif da injin ganga da sintesaiza. Shi ake kira boga hailaif, George Darko na cikin na farko. Har yau wanda ya dawo daga Turai boga muke ce masa. Amma wannan na rawa ne da biki, ba irin na Tela mai sa mutum ya yi shiru ba.

Auwal_808:
Tunda an zo nan, wanda ya fi burge ni a Berlin shi ne Mark Ernestus. Shi ya buɗe shagon faifai na Hard Wax a 1989, shi da Moritz von Oswald suka yi Basic Channel, suka auri tekno da salon dob na Jamaika, amo yana dawowa kamar a cikin rijiya. Daga baya ya tafi Dakar ya zauna da masu gangar sabar, suka kafa Ndagga Rhythm Force. Bai zuba musu inji a kai ba, ragewa ya yi ta yi har gangar ta fito fili. Shi kuma von Oswald ya yi faifai da Tony Allen, mai gangar Fela, a 2015. Irin wannan ba ni da ja, don sunan kowa yana jiki.

Binta_Kolon:
Ka ƙara da Emeka Ogboh, ɗan Najeriya da ke Berlin. Ƙarar Legas yake ɗauka, kwandastan danfo yana kiran unguwanni, hon, masu talla, ya saƙa su cikin kiɗa. Faifansa na 2021 a ƙarƙashin kamfanin faifan Berghain ɗin ya fito. Malam, ga naka mai magana, har muryoyin mutanen Legas ake ji a ciki.

Malam_Gardama:
Wato sai mutum ya je Jamus kafin a sayar masa da hayaniyar tasha. Ni Kwanar Dawaki kyauta nake ji.

Ummi_BUK:
Na gwada wanda wani ya turo mini ta akwati, Oval. Anti Binta, wannan kuma fa? Kamar CD ta kama tsalle.

Sabo_Sutudiyo:
Ai ita ce. Da alƙalami suke zane a bayan CD, su sa a na'ura ta yi ta tsalle, su ɗauki tsallen su gina kiɗa da shi, tun tsakiyar shekarun 1990. Akwai kuma wani makaɗi da ake kira Pole, shi wata na'urar tace sauti ce ta faɗi ƙasa ta lalace ta koma ƙas-ƙas, maimakon ya kai gyara sai ya yi faifai uku da ita, shuɗi da ja da rawaya. Ni abin ya taɓa ni ne don na sha zama a sutudiyo wayar jek ta kwance tana ƙara, mai waƙa yana zagina. Wata rana bayan kowa ya tafi na ɗauki ƙarar, na haɗa da bugun janaretan maƙwabcinmu da ke shigowa ta taga, na rage masa gudu. Minti shida ya fito. Ban taɓa nuna wa kowa ba.

Auwal_808:
Sabo, ka ɗora a SoundCloud mana. Shi ma ai a Berlin yake, ka ga kaya sun koma gida.

Ummi_BUK:
Har yanzu ba a gaya mini inda ake bin sababbi ba. Duk waɗanda kuka lissafa rabi sun mutu.

Auwal_808:
HÖR a YouTube, wani ɗan ɗaki ne mai tayil a Berlin, kowane mai haɗa kiɗa awa guda. Amma bidiyo ne, yana shan data kamar rakumi, ki rage ingancin hoton tunda kunne ne ke aiki. Akwai rediyon intanet irin su Refuge Worldwide da Cashmere Radio, su sun fi sauƙi. Dabarata kuma ita ce bin kamfanin faifai maimakon mutum ɗaya: Kompakt na Kolon in kina son mai laushi, Raster in kina son mai kaifi kamar allura, Tresor in kina son mai bugu da ƙarfi. Sannan duk ƙarshen Janairu ki duba sunayen waɗanda aka gayyata bikin kiɗa na CTM a Berlin, ki bi su ɗaya-ɗaya. Ta nan na san 'yan Nyege Nyege na Yuganda. Saye ne dai wahala, sau uku ina gwada biya a shafin sayar da kiɗa na Bandcamp katin bankina yana ƙi, sai wani abokina a waje ya saya ya turo mini.

Binta_Kolon:
Tela kuma, tunda dare kake aiki, nemi GAS na Wolfgang Voigt. Dajin Königsforst da ke gefen garin nan ya sa a ransa ya yi shi. Ganga tana can nesa kamar ana biki a ƙauyen gaba iska tana kawo maka. Sai dai kar ka kunna ranar da ka kwana biyu ba barci, za ka ɗinke aljihu.

Tela_Fagge:
Na gode ƙwarai jama'a, na rubuta sunayen a bayan littafin awo. Na kai wa Hajiya maganar lugude. Ta ce lugude ko ba ya magana ana samun gari a ƙarshe. Na ce ni ma ai riguna huɗu na samu. Ta ce to in ci gaba da ji a shago.

Malam_Gardama:
Ka gaishe min da Hajiya. Sabo, turo mini na janaretan nan ta akwati, ba don ina so ba, so nake in ji ko irin namu ne mai tari in mai ya kusa ƙarewa.